Lambar da Ta Ƙi Hawa

Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da 'ya'yanku, da kuma aikin jinyar da Allah ya ɗora miki, ina sanar da ke cewa ga fayil ɗin da kika nema. Na ba direban motar safe, na kuma gargaɗe shi cewa takardu ne, kada ya ɗora musu kaya.

Na san za ki ce me ya hana ni yin waya. Dalili biyu ne. Kunnena ya yi nauyi, waya kuma tana cinye rabin magana kafin ta iso gare ni. Na biyu, mahaifiyarki ce take riƙe da ita, duk abin da za ki faɗa mini sai ya ratsa ta wurinta. Ki yi haƙuri da ɗan tsohon yayi.

A cikin fayil ɗin akwai takardun gwajin jininta na shekara goma sha huɗu, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Tun da na ajiye aiki a ɗakin gwaji na asibiti, kowace shekara nakan kai ta wurin waɗanda na horar, in rubuta abin da za a auna da hannuna: sukari, ƙoda, da kitsen jini. Idan takarda ta fito sai in zauna in duba ta yadda na yi shekara talatin da biyu ina yi. Abin da ya haura iyaka in zagaye shi da jan biro, abin da bai haura ba in yi masa alamar daidai da shuɗi. Za ki ga jan biro bai taɓa sauka a takardar mahaifiyarki ba, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa mu je mu tare layin likita ba.

Ki duba kitsen jini musamman. Iyakarsa ɗari biyu. Ni da nake shan magani, na bar ƙwai na bar nama mai kitse, nawa yana ɗari biyu da sittin. Ita kuwa da ba ta ƙin komai, nata bai taɓa kai ɗari da hamsin ba, na bana ma casa'in da shida ne. Ban san abokina ko ɗaya da ban yi masa misali da ita ba.

Baffanki Auta ya zo ranar Juma'a da tef ɗinsa na kafinta, ya auna ƙafar kujerarta da ta karye, ya ce zai dawo da sabuwa. Kin san shi ma sau biyu na sa an auna shi, nasa bai wuce ɗari da sittin ba. Suka haɗu a kaina kamar yadda suka saba. Ya ce, "Yaya, ni da matarka jininmu tas yake kamar ruwan famfo. Naka ne dai za a iya soya ƙwai da shi." Ita kuma ta ce, "Ƙyale shi, Auta. Shi da ya san lamba, lambar ta fi gane gidansa."

Kumburin ƙafar mahaifiyarki da kika gani, a ganina zama ne a kan keken ɗinki, gajiyar da take yi kuma shekaru ce. Amma ba a hana ido gani, ki duba.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki.

*

Ranar Asabar

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Fayil ya iso lafiya, direban har da cewa in gaya maka a cinyarsa ya riƙe shi.

Baba, ka gafarce ni a kan abin da zan rubuta. Kai kowace takarda kana duba ta ne ita kaɗai, a shekarar da ta fito. Ni kuma na share teburin ofishinmu na jera su duka goma sha huɗun. Ɗari da arba'in da takwas, ɗari da arba'in da ɗaya, ɗari da talatin, haka take ta sauka har casa'in da shida. Mama ba ta canza abinci ba, ba ta shan magani. Me yake sauke ta?

Na kai wa likitan hanta da muke aiki tare. Ya ce hanta ce take ƙera mafi yawan kitsen da ke yawo a jini. Ya ce ƙwayar ciwon hanta nau'in C takan yi shekaru a jiki shiru, ko ciwon shawara ba ta sawa. Tana maƙalewa ne a jikin kitsen da hanta ke fitarwa ta yi yawo da shi, tana kuma hana hantar fitar da shi yadda ya kamata. Sai kitsen ya taru a hanta, jini kuma ya nuna kaɗan. Idan hantar ta gaji ƙwarai, ƙera shi ma sai ya gagare ta, lambar ta ƙara faɗuwa.

Ya ja kunnena cewa ƙarancin kitse shi kaɗai ba hujja ba ne, mutane da yawa haka Allah ya yi su kuma lafiyarsu ƙalau. Amma ga lamba tana sauka, ga kumburi, ga gajiya. Ya rubuta gwajin da za a yi da hoton ciki, na haɗo maka tare da fayil ɗin. Ya kuma tambaye ni ko an taɓa ƙara wa Mama jini. Na ce ban sani ba.

Don Allah, Baba, wannan karon likita ne zai karanta takardar. Ba raini ba ne.

'Yarka.

*

Ranar Laraba

Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa, na yi mako uku ban ba ki amsa ba, ba don fushi ba. Na tsaya ne sai abin da zan faɗa ya cika.

An yi gwajin, an maimaita. Ƙwayar tana nan, kuma da yawa. Hoton ciki ya nuna hantar ta ƙanƙance, ta yi tabo ko'ina, akwai ruwa kaɗan a cikin. Likitan hanta na babban asibiti, mutum ne mai natsuwa, ya ɗora ta a kan magani na wata shida. Ya ce maganin zamanin nan yana kashe ƙwayar a wurin mafi yawan mutane. Na tambaye shi tabon fa. Ya ce wannan sai a jira a gani. An gwada ni, ba ni da ita. Ke ma ki yi, don hankalina ya kwanta.

Na nuna masa fayil ɗin. Ya buɗe yana dubawa, ya ce bai taɓa ganin majinyaci da takardu a tsare haka ba. Sannan ya ce, "Baba, a cikin shekarun nan ba a taɓa auna hanta ba?" Na ce idonta bai taɓa yin rawaya ba. Ya rufe fayil ɗin ya miƙo mini da hannu biyu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga amsar tambayar da kika kasa ba wa likitanki. An ƙara mata jini, leda biyu, a ranar da aka haife ki, shekara talatin da shida ke nan. Ta zubar da jini har aka cire mahaifar, shi ya sa ba ki da ƙani. Ni ne a bakin aiki a ɗakin gwaji ranar. A cikin firjin ajiyar jini akwai leda biyu da suka dace da ita. Na ɗauko su na riƙe, sai zuciyata ta ce mini, jinin da ban san mai shi ba, ban san inda ya kwana ba, ba zai shiga jikin matata ba. Na mayar. Na aika aka kira Auta daga wurin koyon aikinsa, ya zo da garin katako a gashin kansa. Ni na ɗaura masa roba a dantse, ni na huda shi da allura. Leda ɗaya ake ɗiba a jikin mutum, shi ya rantse sai an ɗebi biyu, muka rabu a kan ɗaya da rabi, na cike sauran da nawa. Na auna jininsa da duk abin da muke da shi a lokacin. Gwajin wannan ƙwayar bai zo mana ba sai bayan shekaru.

Na san babu mai iya tabbatar da cewa daga nan ne. Amma na ɗauko takardun Auta guda biyu na ajiye kusa da nata. Duk gidanmu, daga ni har 'yan'uwanmu mata, kitsenmu sama yake, gado ne. Shi kaɗai ne nasa ƙasa. Shekara da shekaru suna yi mini dariya su biyu, ni ma ina taya su, ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa jininsu ba, alhali ni na haɗa shi da hannuna.

Mahaifiyarki ba ta san wannan ba, ba ta cikin hayyacinta ranar. Da likita ya tambaye ta batun ƙarin jini ta ce an yi, ba ta ƙara komai ba, ni ma na yi shiru. Ina roƙonki ki bar shi a tsakaninmu. Zan rubuta wa baffanki.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki.

*

Ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen shago. Za ka yi mamakin samun takarda daga gare ni, ga shi tsakanina da kai bai fi tafiyar minti ashirin ba. Akwai maganar da bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ba hannu.

Ka ji cewa matar yayanka tana fama da ciwon hanta. Abin da ba ka ji ba shi ne, cutar ta jini ce, kuma tana iya zama a jikin mutum shekara talatin ko arba'in yana sassaƙa katako bai sani ba. Ɗaya daga cikin abin da take yi shi ne sauke kitsen jini. Lambar nan da nake yabonku da ita, mai yiwuwa ba lafiya ba ce.

Ka tuna ranar haihuwar 'yarmu. Ban ce daga gare ka ne ba. Ko da daga gare ka ne, ba ka sani ba, kuma ni na kira ka. Idan akwai laifi, a wuyana yake. Abin da nake so kawai ka je a ɗebi jininka a duba. Idan babu, mun gode Allah. Idan akwai, tana da magani, kuma gwamma yau da gobe.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun ranar nan. Wannan ne na biyu.

Wassalam.

Yayanka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ga takarda, na karanta sau uku, sau biyu da tabarau sau ɗaya babu, duk abu ɗaya ta ce.

Yaya, ni lafiyata ƙalau. Jiya ni kaɗai na ɗaga ƙofa na kafa ta. Shekara nawa kana ce mini jinina ya fi naka kyau, har a gaban surukaina ka faɗa, yau kuma ka ce kyawun ne ciwon. To wanne zan ɗauka? Ku mutanen asibiti, idan lamba ta hau ku ce mutuwa, idan ta sauka ku ce mutuwa. Mutum ya tsaya a ina?

Bari in bar wasa. A duk rayuwata abu ɗaya na yi da nake tunawa in ji ni ma mutum ne. Ban yi karatu ba, ban gina komai ba sai kujerun mutane. Amma duk lokacin da na ga matarka tana tafiya a tsakar gida, ko na ga 'yarmu cikin farin kayan aikinta, nakan ce a raina, da ni a ciki. Yanzu kana so in je in miƙa hannu, wani ya fito da takarda ya ce abin da na ba ta ranar nan guba ne. Idan aka ce akwai, da wane ido zan dube ta? Idan ban je ba, ban sani ba. Ka bar ni a nan, Yaya.

Ƙafar kujerar na gama ta, tana nan a shago. Zan aiko da ita in na sami mai zuwa. Ka ce mata aiki ne ya yi mini yawa. Ka ce ina yi mata sannu.

Ƙanenka.

*

Ranar Lahadi

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gode da zuwanki na watan jiya, da kuma labarin cewa gwajinki ya fito lafiya. Na san kin je shagon baffanki ya ɓuya a bayan katako ya sa aka ce miki ba ya nan. Kada ki riƙe shi. Ni ma sau huɗu na je. Na ƙarshe na same shi, ya ba ni kujera, ya kunna injin yankan katako, bai kashe ba har na tashi.

Mahaifiyarki ta gama magani, an jira wata uku, an auna. Ƙwayar ta tafi, babu ko alamarta. Likita ya miƙa mata hannu yana taya ta murna, ta ce masa, "To, baƙon ya tafi. Ɗakin da ya ɓata fa?"

Tun farkon maganin na tambaye shi batun kitse. Ya ce a wurin mutane da yawa, idan ƙwayar ta mutu lambar takan hau, har wasu sai an sa musu ido saboda zuciya. Na ce to idan ta hau, hantar ta farfaɗo ke nan? Ya ce in yi hattara, lamba ɗaya ba ta ba da labarin hanta duka. Na ji shi, amma kin san hali. Tun ranar na kafa mata ido. Ni da na yi shekara talatin da biyu ina tsoratar da mutane da hawan lambar nan, na koma ina roƙon Allah a sujada ya hau da ita. Na sayo ƙwai da kaina ina dafa mata. Takan ci rabi ta ture.

Takardar ta fito ranar Alhamis. Casa'in da ɗaya.

Na zauna a teburina da biro biyu a gabana. Lambar ba ta haura iyaka ba, saboda haka ba ta jan biro ba ce. Na ɗauki shuɗin kuma hannuna ya ƙi. Na saka ta a fayil haka nan, babu alama. Ita ce ta farko.

Ruwan cikin ya dawo, sau biyu ke nan ana zuƙe shi. Keken ɗinkin ta rufe shi da zane. Jiya da hantsi ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu, bayan ɗan lokaci ta dawo daidai, ta ce in daina kallonta kamar takardar gwaji. Na tambayi likita batun dashen hanta. Ya ce ba a yi a inda muke, jikinta kuma ba zai ɗauki tafiya da jiran ba. Na ce to me zan yi? Ya ce in rage mata gishiri, in auna nauyinta kowace safiya, in lura da barcinta. Ina yi. Na buɗe sabon littafi ina rubutawa. Aikin da na iya ke nan, in auna in rubuta, kuma na ga iyakarsa.

Kujerarta har yau da tsohon littafin aikina na tokare ta. Ƙafar ba ta iso ba.

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a.

Mahaifinki.

*

Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Rubutun nawa ne, maganar ba tawa ba ce. Yau da safe matar yayanka ta ce in kawo takarda da biro in zauna. Ta sa na yi alkawarin ba zan gyara mata ko kalma ɗaya ba. Ga abin da ta ce.

"Auta, mijin wahala, ina gaishe ka. Wata goma kujerata tana ɗingishi. Ko ka koma gina jirgi ne ban sani ba?

"Kai da yayanka kun ɗauka ni yarinya ce. Ranar da na haihu, da na buɗe ido, abin da na fara gani kai ne a kan benci a bakin ƙofa, da auduga a hannunka, kana cin burodi kamar wanda aka kora daga gida. Na tambayi mai jinya, ta ce ƙanen mijinki ne, shi ya ba ki jini, ya ce kada a gaya miki don kada ki raina shi ki ce jinin kafinta ne. Na riƙe muku sirrinku shekara talatin da shida. Da likita ya yi maganar ƙarin jini na ga fuskar yayanka, da ka ɗauke ƙafa kuma na gama ganewa.

"To ka saurara. Ranar nan mutuwa zan yi. Abin da ka ba ni, da mai kyau da marar kyau a leda ɗaya suka zo, kuma ba ka da hanyar tacewa. Da shi na ga 'yata ta yi tafiya, da shi na aurar da ita, da shi na goya jikoki uku. Ko yau aka dawo da ni ranar, aka ce ga sharaɗin, hannu zan miƙa.

"Yayanka kuma da yake rubuta wannan yana goge tabarau, shi ma ya ji. Shekara goma sha huɗu yana yi mini alamar daidai. Da ƙauna ya yi. Ilminsa ne ya tsaya a inda ya tsaya. Na yafe, ya daina zagaya ni da sikeli kamar mai sayen rago.

"Ni tawa hantar ta riga ta yi nisa. Taka ba mu sani ba. Idan ka bari abin nan ya ci mu mu biyu, wannan ne ba zan yafe ba. Ka je a huda ka. Ka taɓa ba da leda ɗaya da rabi kana dariya, yanzu cokali ɗaya ake nema. In ka dawo ka zo mini da ƙafar kujerata da kanka."

Iyakar maganarta ke nan. Ban da abin da zan ƙara.

Yayanka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na je. Akwai.

Likita ya ce hantata ta yi tabo amma ba ta kai ta matarka ba, wai kowane jiki da yadda yake ɗauka. Na ce masa wannan rabon bai yi adalci ba. Ya ba ni ƙwaya ta wata uku. An gwada uwar 'ya'yana, ita babu.

Gobe bayan la'asar zan zo da ƙafar. Ka ce mata kada ta yi mini magana sai na gama ɗaurawa.

Ƙanenka.

*

Ranar Juma'a

Uwata,

Bayan gaisuwa. Wannan gajeriya ce.

Baffanki ya gama magani, an jira, an auna, ƙwayar ta tafi. Jiya ya kawo mini takardarsa bayan likita ya gani. Kitsen jininsa ɗari biyu da huɗu. Ya haura iyaka da huɗu.

Mahaifiyarki tana kwance, kwana biyu ba ta ce komai ba sai ruwa. Auta yana zaune a kujerarta, don ita ba ta iya zama a kai yanzu. Na karanta lambar a hankali, ban zaci tana ji ba. Sai ta buɗe ido ta ce, "Ya hau?" Na ce ya hau. Ta ce, "To zagaye masa da jan. Ka hana shi ƙwai." Auta ya tashi ya fita tsakar gida.

Na zagaye. Na saka takardar a fayil ɗinta, a kan ta ƙarshe.

Likita ya zo da safe ya duba ta, ya ce in daina auna nauyin. Na rufe littafin.

Ki taho, Uwata. Kada ki jira hutun ƙarshen wata.

Mahaifinki.